Haƙoran da Katanga Ya Dasa wa Takalminsa

A layinmu, idan abu ya fara girgiza, ɓoye shi ake yi kada Katanga ya gani. Mai walda ne, shagonsa na nan tsakanin mai faci da mai sayar da siminti. Shekararsa arba'in da uku, ƙirjinsa kamar ƙofar gareji, kuma tun ranar da ya iya riƙe wutar walda ya yanke hukuncin cewa duk abin da ke motsi a duniya lalacewa ya yi. Kujerar matarsa mai naɗewa ta yi ƙara sau ɗaya, ya ɗiga mata wuta, yau shekara shida ke nan ba ta sake naɗuwa ba. Fankar ɗakinsu mai juya kai ta fara ƙas-ƙas, ya liƙe mata wuya, ta tsaya cak tana kallon gefen gadon da yake kwanciya. Da matar ta yi magana sai ya ce ai ba da gangan ba ne, inda wuta ta kama ke nan.

Sunan Katanga kuwa ba a shago ya samo shi ba, a filin ƙwallo ne. Filin unguwar yana bayan tashar mota, fako ne tsantsa da tsakuwa, ko akuya ta biyo ta wurin wucewa take yi ba ta ko sunkuyar da kai. A nan ya fara tsaron baya tun yana ɗan shekara sha takwas. Bai iya yanka ba, bai iya gudu ba, ƙwallo ma in ta zo masa sau da yawa bayan tasha ake zuwa ɗauko ta. Abin da ya iya shi ne tsayuwa. Zai dasa ƙafafunsa ya buɗe ƙirji, ɗan gaba ya taho da gudunsa ya gwabza da shi ya zube, shi kuwa yana nan inda yake yana kallonsa kamar ya ga an yar da buhu. Shekara ashirin da biyar yana wannan aikin. Ƙungiyar ta tsufa tare da shi, har aka koma kiranta ƙungiyar dattawa, masu tumbi suka fi masu gudu yawa, amma lamba biyar ba ta taɓa barin bayansa ba.

Dole a faɗi yadda jesin ƙungiyar yake, don a gane abin da ya biyo baya. Guda goma sha ɗaya ne cif, babu na sha biyu. Idan za a canza ɗan wasa, wanda zai fita sai ya tuɓe a bakin layi, wanda zai shiga ya zura da zufarta da komai. Saboda haka a ƙungiyar dattawa cire mutum daga wasa tuɓe shi ne a gaban jama'a, tumbi a waje, 'yan kallo suna ihu. An tuɓe gola, an tuɓe mai faci ya fi sau talatin, Koci ma da yake wasa an tuɓe shi. Katanga ne kaɗai ba a taɓa tuɓewa ba. Jesin da can ja ne, yanzu ya koma launin bulon da ya sha rana. Da hannunsa yake wanke shi, ya shanya a cikin ɗaki, don a cewarsa igiyar tsakar gida tana miƙar da wuyan riga.

Akwai kuma mai jiran wannan riga, kuma a cikin gida yake. Ƙanin matarsa ne, mai aski, ana ce masa Almakashi saboda ƙafafunsa dogaye ne sirara, in yana gudu kamar ana yanka yadi. Shekararsa talatin da ɗaya, huɗu daga ciki a kan benci ya yi su. Duk Asabar zai ɗaura takalmi, ya yi ta tsalle-tsallen ɗumama jiki a bakin fili har a tashi, ya kwance takalmi ya tafi gida.

"Yaya, ba ka gajiya ne?" in ji shi wata rana. "Ko minti biyar ka ba ni mana, in ji yadda ƙwallon take. Har na manta ko zagayayya ce."

"Je ka yi aski," in ji Katanga. "Ranar da na mutu a ba ka rigar, in ba a binne ni da ita ba."

Ana haka sai masana'antar sabulu da ke bakin gari ta aiko da takarda, tana gayyatar dattawa wasan sada zumunci da ma'aikatanta ranar Asabar. Filin masana'antar ciyawa ne, kore shar, irin wanda mutanenmu suke gani a talabijin kawai. Koci, wanda tsohon direban motar ma'aikata ne, ya roƙa aka ba su yammacin Alhamis su je su saba da wurin.

Da suka isa, wani tsoho mai ban ruwa yana naɗe tiyo, ciyawar tana ƙyalli. Mai faci ya durƙusa ya shafa ta ya ce wallahi ta fi katifarsa laushi. Katanga ya taka ta da takalminsa na gwanjo, wanda ya saya tun kafin ya yi aure. Takalmin ƙwallo ne na gaske, da haƙora a ƙasa, sai dai fako ya riga ya cinye haƙoran tas, ƙasan ya yi sumul kamar bayan cokali.

Aka raba gida biyu aka fara. Ƙwallo ta farko da ta nufo shi, Katanga ya buɗe ƙafafu zai dasa kamar kullum. Ƙafar dama ta tafi gabas, ta hagu ta tafi yamma, shi kuma ya sauka a tsakani, daram, har ruwa ya yi tsalle. Mutanen da suka yi shekara ashirin da biyar ba su ga bayan wandonsa a ƙasa ba suka rasa inda za su sa idonsu. Ya miƙe ya ce igiyar takalmi ya taka. Ta biyu, ya tashi zai bi mai faci, wanda gudunsa bai fi na mai neman canji a aljihu ba, ƙafarsa ta sulale ya kifa da fuska, ya ɗago da ciyawa a gashin baki. Faɗuwa ta uku babu ma ƙwallo a kusa. Juyawa ya yi zai yi wa gola faɗa, sai ga shi a rigingine yana kallon sama.

Wannan karon babu wanda ya iya riƙewa. Gola ya kama turken raga yana dariya har da hawaye. Almakashi kuwa, da yake an sa shi a ɗaya gidan, yana ta zirga-zirga a kan ciyawar da sabon takalminsa kamar a nan aka haife shi.

"Yaya, in kwanciya kake so a kawo matashi!"

Bayan an tashi, Koci ya ja Katanga gefe. Ya daɗe yana goge tabarau kafin ya yi magana.

"Ka san ni da kai ba ta yau ba ce. Amma jibi manyan masana'anta za su zauna kallo, da iyalansu. Idan ka zame sau ɗaya, sau ɗaya tak, zan ɗaga hannu. Ƙaninka yana nan."

"Ni za ka tuɓe, Koci?"

"Ba ni ba ne. Ciyawa ce."

Katanga ya kama hanyar gida. Abin da yake gani a ransa shi ne kansa a bakin layi, hannu sama, ana zare masa riga ta kai, matan manya suna rufe baki da mayafi, Almakashi yana zurawa yana murmushi. Da ya isa gida ya juya takalmin ya ƙura masa ido. Nan take ya gane ciwon. Ƙafa ce take motsi inda bai kamata ba. Wannan kuwa ai sana'arsa ce.

Ranar Juma'a bai karɓi aikin kowa ba. Wata mata ta kawo ƙafar gado a liƙa mata, ya ce ta dawo Litinin, yana aikin gaggawa. Ya ɗora takalmin a kan fallen ƙarfe, ya zana shi da alli, ya yanko tafi biyu daidai ƙafa. Ya zazzage gwangwanin da yake tara notuka, ya zaɓo goma sha shida, kowanne ya fi gaɓar yatsa tsawo, ya liƙa takwas-takwas. Bai tsaya nan ba. Ya ga cewa abu mai santsi yadda ya shiga haka zai fita, don haka ya bubbuge bakin kowanne da guduma har ya baje kamar kan laima, yadda in ya shiga ƙasa zai riƙe. Ya huda ƙasan takalmin, ya ɗaure tafin ƙarfen da sukurori, ya shafe da baƙin fenti.

Matarsa ta kawo masa abincin rana ta same shi yana hura fentin da baki.

"Baban yara, wannan kuma na mene ne? Noma za ka koma?"

"Takalmi ne."

Ta ɗaga ɗaya da hannu biyu. "Wannan ai ya fi dutsen guga nauyi. Wa za ka kashe?"

"Ba wanda zan kashe. Tsayuwa zan yi. Ki gaya wa ƙaninki ya taho da abin karatu gobe, zaman benci da tsawo."

"Ni dai ban ce komai ba," in ji ta. "Amma mutum da furfura a gemu, yara uku, a ce riga ɗaya mai warin zufa ta hana shi aiki? Mai gadon nan tana can tana ba da labarinka a layi."

"Ke ba ki san ƙwallo ba."

"Na san ƙafa. Biyu gare ka, kuma da su kake tsugunawa ka nemo mana abinci."

Da la'asar ya rataya takalman a wuya ya hau babur ya tafi gwaji. Mai gadin ƙofa ya gane shi, ai wanda ya faɗi sau uku ba ya ɓata, ya bar shi ya shiga. Ya ɗaura, ya taka ciyawar. Haƙoran suka nutse, ƙurus. Ya tura jikinsa gaba, ƙafa ba ta motsa ba. Ya tura baya, ba ta motsa ba. Wani daɗi ya ratsa shi tun daga diddige har ƙeya. Ya tafi da gudu, ya taka birki, ya tsaya cak kamar an kafa turke.

"Kai! Kai, bawan Allah! Wa ya aiko ka?"

Tsoho mai ban ruwa ne ya taho yana ɗingishi, yana nuna ramukan da suka jeru a bayan Katanga, kowanne da ɗan tsibin ciyawa a gefe. Ya tsuguna yana mayar da su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da tafin hannu, yana tsaki.

"Ɗaga ƙafar in gani."

Katanga ya ɗaga, cike da alfahari. Tsohon ya duba, ya taɓa bakin noti ɗaya da yatsa, ya ɗago ya kalle shi.

"Kai ne mai faɗuwar jiya ko?"

"Jiya ta wuce, Baba."

"To saurara, ɗana. Jiya da kuka zo, ban daɗe da kashe famfo ba. Ruwa a kan ciyawa, kai kuma takalminka ba haƙori, dole ka sha ƙasa. Yau ban ba ta ruwa ba, gobe ma ba zan ba ta ba, haka ake yi in za a yi wasa. Ƙasa za ta yi tauri, saiwar nan kuma a saƙe take a ƙasa kamar tabarma. Ka je kasuwa ka samo takalmi mai gajerun haƙora masu zagaye, ya ishe ka. Shi yana kamawa in za ka tashi da gudu, in ka juya kuma sai ya juya tare da kai, in abin ya yi yawa ya yage ciyawar ya sake ka."

"Ya sake ni? Ai sakin ne ba na so."

"Wannan naka in ya shiga ba ya fita sai ka ɗaga shi sama sak. To ranar da jikinka ya juya, ƙafa ta ƙi, me ke tsakaninsu?"

"Wando."

"Gwiwa, ɗana. Shekara sha tara ina filin nan. Waɗanda suka zame, tashi suke yi su kakkaɓe. Waɗanda na ga an fitar a kwance, yawancinsu ƙafarsu ce ta kafe."

Katanga ya yi dariya irin ta manya. "Baba, kai ciyawa ka sani, ni ƙarfe na sani. A duniyar nan ban taɓa jin an ce riƙo ya yi yawa ba. Ƙofa nawa na kafa a garin nan? Ko ɗaya ba ta dawo ta ce na ɗaure ta da yawa ba."

"Ƙofa ba ta bin ɗan gaba," in ji tsohon. "Fita mini daga fili. Gobe in alƙali ya ga wannan ma ba zai bar ka ka shiga ba."

Wannan kalma ta ƙarshe ita kaɗai Katanga ya ɗauka daga cikin duk jawabin. Ranar Asabar ya zo da takalmi biyu. Da alƙalin wasa, wani akawun masana'antar mai sabon usur, ya jera su yana duba ƙasan ƙafa, Katanga ya ɗaga masa kambas ɗin da yake zuwa shago da shi. Alƙali ya ce wannan ai zai zame. Katanga ya ce Allah yana nan. Ana shirin take ƙwallo ya ce fitsari ya kama shi, ya zagaya bayan tankin ruwa, ya dawo yana taku ɗai-ɗai, ya ƙara tsawo da yatsa biyu.

Maganar gaskiya, rabin sa'ar farko ba a taɓa ganin Katanga irin na ranar ba. Ƙasa ta riƙe shi, shi kuma ya riƙe gida. Ɗan gabansu, wani ƙato daga sashen lodi, ya taho ya gwabza da shi ya koma da baya yana dafe haƙarƙari. Ƙwallo ta taho ta tsakiya, Katanga ya tashi da gudu, gudun da ko yana saurayi bai yi ba, don duk takun da ya yi ƙasa tana tura shi gaba, ya riga kowa ya doka ta sama har ta faɗa kan rumfar manya. Mutanenmu suka ɗauki ihu, "Katanga! Katanga!" Ya waiga benci ya ɗaga wa Almakashi yatsa biyar.

Abu ɗaya ne ya ɗan dame shi. Gaba lafiya, tsayuwa lafiya, amma juyawa sai ya ciro ƙafa ɗaya ya ajiye, ya ciro ɗayar, kamar saniya a taɓo. Sau biyu ya manta ya murɗa jiki kafin ya ciro, ya ji wani abu ya ja a cikin gwiwar dama, siririn zafi kamar an soka masa waya. Ya ce a ransa tsufa ne, zai sha magani.

Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Yana zaune a ƙasa yana kwankwaɗar ruwa, Almakashi ya zo ya tsuguna kusa da shi. Ba ya dariya.

"Yaya, ina kallonka tun ɗazu. Ƙafarka ba ta bin ka. Ka cire abin nan."

"In sa me? Kambas? In zame ka samu riga?"

"Ka sa nawa. Ƙafarmu ɗaya. Wallahi na zauna, ba na son rigar yau."

Katanga ya kalli takalmin da ake miƙo masa, ya kalli fuskar mai miƙowar. Wayo ne, ya gaya wa kansa. Wa ya san abin da yaron nan ya shafa wa ƙasan takalmin? Mai aski ai ba ya rasa man shafawa.

"Ka ga ɗan gajeren can da suke shirin sakawa?" in ji Almakashi. "Shi ma kallon ƙafarka yake yi. Ba zai gwabza da kai ba, zagaye ka zai yi."

"Ya zo. Kai kuma koma mazauninka kafin ya huce."

Ɗan gajeren ya shigo. Mai tuƙa motar ɗaga kaya ne a masana'antar, mutumin da aikinsa kullum shi ne juyawa a lungu. Minti bakwai da dawowa ya karɓi ƙwallo a gefen dama ya nufo Katanga kai tsaye. Katanga ya dasa ƙafa, ya danna har haƙoran suka nutse duka, ya buɗe ƙirji yana jiran karo. Karo bai zo ba. Ɗan gajeren ya karkata hagu, Katanga ya jefa nauyinsa can, sai mutumin ya ja ƙwallo ya bi ta dama. Katanga ya murɗa jikinsa gaba ɗaya zai bi shi. Kafaɗa ta juya, ƙugu ya juya, cinya ta juya. Takalmin yana nan yana kallon inda yake kallo tun farko.

Ƙarar da gwiwar ta yi, gola ya ce ya ji ta daga raga, kamar an karya busasshen rake. Katanga ya yi wata ƙara da ba a san yana da ita ba, ya zube a gefe. Ɗan gajeren ya wuce ya ci, amma ko mutanensa ba su yi murna sosai ba.

Aka taru a kansa. Aka yi ƙoƙarin ɗaga shi, ƙafar ta ƙi tasowa, shi kuma yana ihu kada a ja. Sai da Almakashi ya durƙusa ya kwance igiyar, ya zaro ƙafar a hankali ya bar takalmin a dashe. Alƙali ya sunkuya ya ciro shi da hannu biyu, ya taho da faifan ciyawa da ƙasa a manne. Ya juya shi, ya ga notuka, ya kalli Koci.

"Wannan a ina aka sayo shi?"

"Ƙirar gida ce," in ji mai faci.

Babu gadon ɗaukar majiyyaci a filin. Tsoho mai ban ruwa ne ya turo baron da yake kwasar ciyawa da shi. Bai ce ai na gaya maka ba, ya dai shimfiɗa buhu a ciki. Mutum huɗu suka ɗora Katanga, ƙafa a miƙe, aka tura shi bakin layi. Nan alƙali ya busa usur ya ce a shigo da wani, lokaci yana tafiya.

Koci ya zo ya tsaya a kan baron yana murza hula.

"Katanga... rigar."

Katanga ya rungume ƙirjinsa. Zufa tana zuba, haƙora a cije, amma ya ce a ba shi minti biyu zai tashi. Ya yunƙura, gwiwar ta amsa masa, ya koma. Sai ya ɗaga hannuwa sama da kansa, ya rufe ido. Koci ya zare ta ta kai. Matan manya suna rumfa suna kallo, ga tumbi a baro yana hawa yana sauka. Almakashi ya zura rigar, ta sauko masa har gwiwa, hannuwan suna lilo. Bai yi murmushi ba, kuma wannan ya fi ba Katanga haushi.

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙafar a gaban fitila ya tambaya ko mota ce ta buge shi. Matarsa ta ce a'a, likita, shi ya ƙera abin da hannunsa, yini guda ya yi yana aikin. Likita ya ce ƙashi lafiya, amma jijiyoyi biyu da ke riƙe gwiwar sun tsinke, sai an yi aiki, kuma ƙwallo sai dai kallo. Katanga ya tambaya ko ba za a iya sa ƙarfe a ɗaure wurin gaba ɗaya ba. Likita ya ce za a iya, in yana so ya ƙare rayuwarsa da ƙafa a miƙe kamar taɓarya.

Wata huɗu shago yana rufe. Da ya buɗe, tsuguno ya gagara, walda kuwa rabinta a tsugune ake yi. Ya sa aka ƙera masa dogon teburi, yana aiki a tsaye da sanda a jingine, manyan ƙofofi da ake shimfiɗawa a ƙasa sai dai ya tura wa wani mai walda a layin baya, mutumin da a da yake cewa ko kwano bai iya liƙewa ba. In aka tambaye shi yadda abin ya faru, cewa yake ciyawar ce ba ta da inganci.

Tun yana kwance Almakashi yake zuwa duk mako ya yi masa aski a tsakar gida. Wata ranar Juma'a ya zo da jaka a kafaɗa, don masana'antar ta sake gayyatar dattawa. Yana cikin gyara masa ƙeya Katanga ya hango jan abu ya leƙo daga jakar.

"Miƙo in gani."

Ya warware rigar. Ta tsuke. An rage ta ta gefe biyu, an ɗage ƙasan, biyar ɗin ma ta kusa zagayowa hammata.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni na kai wa tela," in ji matarsa daga bakin murhu, ko waigowa ba ta yi ba. "Tun kana asibiti. Ko so kake iska ta ɗauke mini ƙani?"

Katanga ya daɗe yana kallon ɗinkin. Ko hannunsa ɗaya ba zai shiga ba yanzu. Ya ninke ta yadda ya saba ninkewa, ya mayar cikin jakar, sai hannunsa ya ci karo da takalmi. Ya zaro. Sabo ne, haƙoransa dogaye masu kaifi kamar na zarto.

"Ina wancan na da?"

"Ya yage, Yaya. Wannan mai kanti ya ce ya fi kowanne kamu."

"An yi ruwa a makon nan?"

"A'a."

"Tsohon can zai ba filin ruwa gobe?"

"Ka san ba ya bayarwa."

"Ɗauko mini magagari a cikin akwatin can."

Almakashi ya ja da baya da reza a hannu. "Haba Yaya! Jiya na saye shi. So kake in zame a gaban mutane ka ji daɗi?"

"Zan ji daɗi ƙwarai. In ka zame wando ne zai ɓaci, yayarka tana da sabulu. Ɗauko, na ce."

Ya matse takalmin a tsakanin cinyarsa mai lafiya da hannun kujera, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, yana rage tsawo, yana kashe kaifi, yana zagaye baki, rabin kansa a aske rabi ba a aske ba. Almakashi yana tsaye yana kallo kamar ana yanka masa akuya.

Washegari Katanga ya sa aka kai shi filin a bayan babur. Ya zauna a kan bokitin tsoho mai ban ruwa, ƙafa a miƙe, sanda a hannu. Almakashi ya zame sau biyu a wasan, na biyun har ya yi tafiyar taku uku a kan ɗuwawu, 'yan kallo suka kwashe da dariya. Katanga ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce an mayar da lamba biyar tsumman goge ɗaki, ya ce a zamaninsa ko a mafarki ba a ga haka ba, ya ce Koci ya tuɓe shi a ba gola ya haɗa biyu. Almakashi ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya bi ɗan gajeren nan da gudu ya ƙwace ƙwallon. Katanga ya ga yadda ƙafar ta juya tare da mai ita, ya bi ta da ido, sannan ya tuna bai gama zagin ba ya ci gaba.